YAYA ZAN GAFARTA WA WANDA BAI TUBA BA?

Karatu: Luka 23:32-43, Romawa 12:17-21
Ayar haddacewa: Romawa 5:8

Kafin ka ci gaba, ina roƙonka ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wuraren nan da aka rubuta a sama, gama maganata ba ta da nauyi in ba a kan Maganar Allah ta tsaya ba.

Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a cikin wasiƙun masu sauraronmu, na kuma sha jinta a bakin 'yan ikkilisiya bayan an tashi sujada. Mutum zai ja ni gefe ya ce, "Fasto, na ji wa'azinka a kan gafara. Amma wanda ya cuce ni bai taɓa zuwa ya ce mini ko sannu ba. Yana nan yana harkarsa, yana ci yana sha, in mun haɗu a kasuwa har ɗaga kai yake yi kamar ni ne mai laifi. Shi ma sai na gafarta masa?"

Masu yin wannan tambaya ba marasa bangaskiya ba ne. Gwauruwar da aka kashe mata miji tana yin ta, haka matar da mijinta ya kore ta da 'ya'ya, haka ɗan kasuwar da abokin cinikinsa ya gudu da jarinsa. In mai laifi ya zo ya durƙusa da hawaye, gafara tana da wuya amma hanyarta a buɗe take. In kuwa bai zo ba, ba shi ma da niyyar zuwa, me Ubangiji yake so mu yi? Domin mu sami amsa, bari mu tafi gabas, ƙasar Sudan, mu zauna a gaban 'yan'uwanmu na Kartum da Umdurman, gama sun daɗe a cikin wannan makaranta.

'YAN'UWANMU NA BAKIN KOGIN NILU

Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Ta nan mutanen dā suke bi da ƙafa zuwa gabas, da yawa kuma suka yada zango ba su sake tashi ba. Garin Mai Wurno da yake bakin Shuɗin Nilu, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, ana kuma jin Hausa a unguwannin Kartum da Umdurman. A wajen masu bi ma akwai zumunci. Mishan ta SUM wadda ta kafa tasharta ta farko a Wase a 1904, wadda ikkilisiyoyi irin su COCIN suka fito daga aikinta, ita ce ta shiga Duwatsun Nuba na Sudan a 1920, daga wannan aiki kuma aka sami Ikkilisiyar Almasihu ta Sudan. Ashe nono ɗaya muka sha.

Babban birnin ƙasar gari uku ne a haɗe, wato Kartum, da Bahri, da Umdurman. Koguna sun raba su, gadoji sun haɗa su. Ga kaɗan daga abin da masu bi suka gani a can.

Ranar 21 ga Afrilu 2012, lokacin da Sudan da Sudan ta Kudu suke faɗa a kan rijiyoyin mai na Heglig, ɗaruruwan mutane suka afka wa harabar Ikkilisiyar Bishara ta Firesbiteriya a unguwar Jiref ta Yamma a Kartum. Suka sa wuta a wurin sujada da makarantar Littafi Mai Tsarki, suka ƙone littattafai. Gaskiya ɗaya ce, akwai Musulmin birnin da suka fito fili suka ce wannan mugun aiki ne. Amma taro ba shi da fuska. A cikin ɗaruruwan mutane, wa za ka zauna kana jira ya zo ya roƙe ka gafara?

Ranar 3 ga Afrilu 2017, a Makarantar Bishara ta Umdurman, ana rikici a kan filin makarantar da ake so a raba ikkilisiya da shi. 'Yan sanda suka kwashe mazan da suke wurin, sai waɗansu mutane ɗauke da wuƙaƙe suka shiga suka fara dukan matan da suka rage. Wani dattijon ikkilisiya mai suna Yunan Abdullah ya sheƙo domin ya kāre matan, aka soke shi da wuƙa, ya rasu a asibiti. Ya bar mata da yara ƙanana.

Sa'an nan ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar birnin tsakanin sojojin ƙasa da dakarun RSF. Wannan wuta ba ta tambayi addinin kowa ba, ta ci masallatai ta ci majami'u. A watan Mayu na shekarar, 'yan bindiga suka shiga majami'ar Mar Jirjis ta Kibɗawa a Umdurman da dare, suka harbi mutane, suka kwashe kaya. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Bayan da sojoji suka karɓe Kartum a watan Maris 2025, waɗanda suka koma da yawa sun tarar da gida ba gado, ba ƙofa, har wayar lantarkin bango an zare. Wanda ya yi ɓarnar ya tafi, ba a san sunansa ba. Wani lokaci kuwa an san shi sarai, maƙwabci ne.

ADDU'A A CIKIN KURKUKU

A watan Disamba 2015 jami'an tsaron Sudan suka kama fastoci biyu na Ikkilisiyar Almasihu ta Sudan, Kuwa Shamal da Hassan Abdurrahim, da wani mutumin Darfur mai suna Abdulmunim Abdulmaula, da wani Bature ɗan ƙasar Cek mai suna Petr Jasek. Mafarin maganar shi ne taimakon kuɗin magani da aka kai wa wani ɗalibi wanda wuta ta ƙone a lokacin zanga-zanga. Aka tuhume su da leƙen asiri da yi wa ƙasa zagon ƙasa, laifofin da hukuncinsu yakan kai ga kisa.

Shi Jasek an kulle shi a ɗan ƙaramin ɗaki tare da waɗansu magoya bayan ƙungiyar ISIS. Da suka gane shi Kirista ne, suka mai da shi bawansu. Shi ne mai wanke musu tufafi da makewayi, suna zaginsa, suna dukansa da hannu da sanda. Bayan ya fito ya ba da shaida cewa da dare, in barci ya ƙi zuwa, yakan ji mutanen nan suna kuka, su ma suna kewar iyalansu. Sai ya gan su kamar yadda suke, mutane ɓatattu masu bukatar Mai Ceto, yana yi musu addu'a. Daga baya aka kai shi da fastocin nan kurkukun Al-Huda a Umdurman, inda suka sami ɗan ɗakin sujada suka yi ta wa'azi ga fursunoni. Aka sallami Fasto Kuwa a Janairu 2017. Jasek aka yanke masa ɗaurin rai da rai, sa'an nan aka sake shi a watan Fabrairu bayan kwana 445 a tsare. Fasto Hassan da Abdulmunim aka yanke musu shekara 12 kowannensu, aka sake su a watan Mayu.

Ka lura da lokacin da mutumin nan yake yin addu'ar. Yana yin ta tun sandar tana sauka a bayansa, tun ba wanda ya nuna alamar nadama. A ina ya koyi wannan?

ALLAH BAI JIRA MU BA

Ya koya a gicciye. Luka 23:34 ta gaya mana Yesu ya roƙi Uba ya gafarta wa masu gicciye shi. Duba abin da yake faruwa a sa'ar da ya yi roƙon. Sojoji suna kuri'a a kan tufafinsa. Shugabanni suna yi masa ba'a. Jama'a suna tsaye suna kallo. Ba mai hawaye a cikin masu ƙusa, ba mai cewa ya yi kuskure. A cikin wannan hali ne Ubangijinmu ya buɗe baki ya nema musu jinƙai.

Ayar haddacewarmu ta nuna haka Allah ya yi da ni da kai. Almasihu ya mutu dominmu tun muna cikin zunubinmu, aya ta 10 ma ta ce tun muna maƙiyansa. Da Allah ya ce sai mun tuba kafin ya aiko da Ɗansa, da har yau sama tana rufe. Ƙaunarsa ce ta riga, tubanmu ya biyo baya. Romawa 2:4 ta ce alherin Allah ne yake jawo mutum zuwa ga tuba.

Istifanas ya bi sawun Ubangijinsa. Ana jifansa da duwatsu, ya durƙusa ya roƙi Ubangiji kada ya ɗora wa masu jifan alhakin wannan zunubi (Ayyukan Manzanni 7:60). Akwai wani saurayi a wurin mai tsaron rigunan masu jifa, yana kuma goyon bayan kisan, sunansa Shawulu. Istifanas ya mutu bai ga tuban saurayin nan ba. Amma wasiƙar Romawa da ka karanta yau, shi ya rubuta ta.

A Matiyu 5:44-45 Yesu ya umarce mu mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a, ya kuma ba da dalili: haka Ubanmu yake yi. Manomi ya san wannan. In hadari ya taso, ruwa ba ya tsallake gonar azzalumi ya sauka a gonar mai adalci kaɗai. Maƙiyi kuwa, ai wanda bai tuba ba ke nan. In ya tuba ya daina zama maƙiyi.

TO, LUKA 17:3 FA?

Mai karatu da ya san Littafinsa zai ce, "Dakata, Fasto. A Luka 17:3-4 Yesu ya ce a tsauta wa ɗan'uwan da ya yi laifi, a gafarta masa in ya tuba. Ga sharaɗi nan a fili." Gaskiya ne, ba kuwa za mu goge ayar ba. Amma Yesun nan ne ya ce a Markus 11:25, duk sa'ad da muka tsaya yin addu'a, in muna riƙe da wani a zuciya, mu gafarta masa. A nan bai ce a jira mai laifin ba. Kana tsaye a gaban Allah, mai laifin yana can wani gari, an ce ka gama maganar a take.

Maganar Allah ba ta saɓa wa kanta. Abu biyu ne a nan, mu ne muke haɗa su mu rikice.

Na farko shi ne gafarar zuciya. Wannan tsakaninka da Allah ne. Ka sauke hakkin ramuwa, ka daina fatan mugun abu ya sami mutumin, ka miƙa shari'ar ga Allah, kana a shirye ka karɓe shi duk ranar da ya juyo. Wannan ba ta jiran kowa. Umarni ne a kanka yau.

Na biyu shi ne sulhu, wato komawar zumunci da amincewa. Wannan aikin mutum biyu ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai mai laifi ya yarda da laifinsa, ya juyo, ya gyara abin da zai gyaru, kamar yadda Zakka ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta ninki huɗu (Luka 19:8). Shi ya sa Bulus ya ce a Romawa 12:18 mu yi zaman lafiya da kowa in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da yake hannunmu. Ya san akwai abin da ba ya hannunmu.

A Kartum akwai wurin da ake kira Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa su zama kogi ɗaya. Farin ya taso daga wajen Tafkin Biktoriya a kudu, Shuɗin ya gangaro daga Tafkin Tana a ƙasar Habasha. Kowanne da mafarinsa. Farin Nilu ba ya tsayawa a hanya ya ce sai ya ji labarin ɗan'uwansa ya taso kafin ya motsa. Gafara daga zuciyarka take tasowa, tuba daga zuciyarsa. In sun haɗu, an yi sulhu, sai mu gode wa Allah. In nasa ruwan ya ƙi zuwa, kai dai kada ka datse naka.

Haka ma ya faru a gicciye. Yesu ya yi roƙon ranar Jumma'a. A cikin ɓarayi biyu da aka gicciye tare da shi, ɗaya ya tuba ya sami alkawarin Firdausi, ɗayan ya mutu da zagi a bakinsa. Ranar Fentikos Bitrus ya gaya wa mutanen Urushalima a fili cewa su ne suka gicciye Almasihu, maganar ta soke su a zuciya, suka tuba, mutum wajen 3,000 aka yi musu baftisma (Ayyukan Manzanni 2:36-41). Ƙofa a buɗe take tun ranar Jumma'a, amma wanda ya tuba ne ya shiga. Saboda haka gafarar da ka yi wa mutum ba ta wanke shi a gaban Allah ba. Yana da sauran magana da Mahaliccinsa, kuma wannan ne babban dalilin da zai sa ka yi masa addu'a.

ABIN DA GAFARA BA TA NUFA

Mutane da yawa suna gudun gafara domin an ɗora mata kayan da ba nata ba. Bari mu sauke su.

Na ɗaya, gafara ba ta ce mugunta ba kome ba ce. Abin da aka yi wa dattijo Yunan kisa ne, sunansa ke nan har abada. Yusufu ya gafarta wa 'yan'uwansa, duk da haka ya faɗa musu a fuska cewa mugunta suka nufe shi da ita (Farawa 50:20). Abin da ba laifi ba ai ba ya bukatar gafara.

Na biyu, gafara ba ta hana neman adalci. Romawa 12:19 ta hana ka rama da hannunka, Romawa 13:4 kuma ta ce mai mulki bawan Allah ne da aka ba shi takobi domin hukunta mai mugunta. Ayoyin nan maƙwabtan juna ne. Bulus da aka yi masa dūka a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita a ɓoye, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu (Ayyukan Manzanni 16:37). Fastocin Kartum ma sun tsaya a gaban alƙali tare da lauyoyinsu sun kāre kansu. Gwauruwa tana iya gafarta wa wanda ya kashe mijinta, ta kuma tsaya a kotu ta ba da shaida a kansa. Wanda ya ce mata ta yi shiru domin ita Kirista ce ya ƙara mata zalunci a kan zalunci.

Na uku, gafara ba ta ce ka ba kura ajiyar nama ba. Bulus ya ce Iskandari maƙerin tagulla ya cuce shi ƙwarai, ya bar sakamakonsa ga Ubangiji, amma ya gargaɗi Timoti ya yi hankali da shi (2 Timoti 4:14-15). Dawuda ya ƙi kashe Saul har sau biyu, duk da haka bai koma fādarsa ya kwana ba. 'Yar'uwata, in mijinki yana dukanki har ranki yana cikin hatsari, ki gafarta masa a zuciya, ki kuma nemi wurin tsira, ki sanar da dattawan ikkilisiya da hukuma. Ma'ajin da ya ci kuɗin baiko bai tuba ba, a ƙaunace shi, amma a karɓe makullin.

Na huɗu, gafara ba ta nufin zafin ya tafi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Za ka tuna, hawaye ma za su zo. Zabura cike take da kukan waɗanda aka zalunta, Allah kuwa bai kore su ba. Ka kai masa fushinka yadda yake, gara ka zuba shi a gaban Allah da ka zuba shi a kan mutum.

DON ME ZAN ƊAUKI WANNAN KAYA?

Domin an yafe maka bashin da ya fi wannan. A Matiyu 18:23-35 Yesu ya ba da misalin bawan da sarki ya yafe masa talanti 10,000, ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan aikin yini ɗaya ne, saboda haka dinari 100 ba ƙaramin kuɗi ba ne, ya fi aikin wata uku. Yesu bai raina abin da aka yi maka ba. Ya dai ajiye shi kusa da bashinka domin ka gwada.

Domin kuma riƙo yana cin mai shi. Ibraniyawa 12:15 ta kwatanta ɗacin rai da saiwa wadda take tsiro ta ƙazantar da mutane da yawa. In ka ce ba za ka gafarta ba sai ya tuba, ka ba maƙiyinka makullin zuciyarka ke nan. Shi zai yanke ranar da za ka yi barci mai daɗi, da ranar da addu'arka za ta yi zaƙi. In ya mutu bai tuba ba fa? Sai ka zauna a kulle har kabari, ka kuma bar wa 'ya'yanka gādon gaba.

Domin kuma Allah alƙali ne mai gaskiya, ba ya bukatar taimakonka. Shugaba Umar al-Bashir ya yi mulkin Sudan shekara 30. Da aka tumɓuke shi a Afrilu 2019, sai aka kai shi kurkukun Kober a Bahri, inda aka taɓa tsare fastoci a zamanin mulkinsa. A Yuli 2020 aka soke dokar da take yanke hukuncin kisa ga wanda ya bar Musulunci. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Amma ka yi hankali, Karin Magana 24:17 ta hana mu yin murna in maƙiyinmu ya fāɗi. Wanda ya ce ya bar wa Allah, alhali kullum yana leƙe ya ga ko tsawa ta sauka, bai gafarta ba tukuna, ya dai ɗauki Allah haya ne ya rama masa.

Akwai wata baiwar Allah da 'yan'uwanmu Katolika suke girmamawa, Yusufina Bakita. An haife ta a Darfur wajen 1869. Masu cinikin bayi suka sace ta tana ƙaramar yarinya, tsoro ya sa har ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Aka sayar da ita hannu zuwa hannu. A wani gida aka tsaga jikinta da aska wuri 114, aka cusa gishiri a ciki. A Kartum ne wani jami'in ƙasar Italiya ya saye ta a 1883, daga baya ya tafi da ita ƙasarsu, inda ta sami 'yanci, aka yi mata baftisma a 1890. Ta rasu a 1947. Waɗanda suka sace ta ba su je Italiya neman gafararta ba. Duk da haka ta ce da za ta sadu da su, da ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu, domin ta wannan muguwar hanya ce ta san Almasihu. Bautar da mutum mugunta ce, ba ta kuwa ce alheri ba ne. Ta dai ga hannun Allah ya fi nasu tsawo.

NI MA NA ZAUNA A WANNAN AJI

Kada ka ce Fasto yana magana ne daga bagade, bai san zafin ba. Shekarar da na shiga makarantar Littafi Mai Tsarki mahaifina ya rasu. Kafin in dawo hutu, wani danginmu na kusa ya haɗa gonar mahaifina da tasa, ya ce tun dā aro ce. Mahaifiyata ta koma yin ƙwadago a gonakin mutane domin ƙannena su ci. Aka kai magana gaban manya, ba ta yi ba. Na gama makaranta, aka ba ni ikkilisiya, ina wa'azin ƙauna ranar Lahadi, amma in na je gida sai in canja hanya don kada in bi ta ƙofarsa. Shekara 6 ina haka.

Wata Lahadi ina tsaye a gaban teburin Jibin Ubangiji, na ɗaga ƙoƙon ina gaya wa jama'a wannan jini an zubar da shi domin gafarar zunubai, sai fuskar mutumin nan ta zo mini. Hannuna ya yi rawa. Ina raba wa mutane abin da ni kaina na hana wani. A daren nan na durƙusa na faɗa wa Ubangiji duk abin da aka yi mana, ban rage kome ba, sa'an nan na ce na sauke. Da safe fushin ya dawo, na sake saukewa. Na yi haka sau da yawa kafin zuciyata ta bi bakina.

Da ciwo ya kwantar da shi, na je na gaishe shi, na kai masa ɗan hatsi da kuɗin magani. Ya karɓa, ya yi godiya, bai ambaci gona ba. Har yau bai ambata ba, gonar kuma ba ta dawo ba. Ba zan ce maka mun yi sulhu ba, gama ba mu yi ba, ba kuma zan ba shi ajiyar abin marayu ba. Amma yanzu ina bi ta ƙofarsa in yi sallama, ina kiran sunansa a addu'a da fatan alheri, ina kuma ɗaga ƙoƙon Ubangiji hannuna ba ya rawa.

ME ZA KA YI YAU?

1. Ka faɗi laifin da sunansa a gaban Allah. Kada ka rage shi, kada ka ƙara masa gishiri.

2. Ka miƙa shari'ar ga mai shari'ar gaskiya, kamar yadda Yesu ya yi sa'ad da aka zage shi bai rama ba (1 Bitrus 2:23). Ka faɗa da bakinka cewa ka sauke hakkin ramuwa.

3. Ka yi wa mutumin addu'a da sunansa kowace rana har mako guda. Ka roƙa masa tuba da ceto. In ba ka san sunansa ba, kamar 'yan'uwanmu da suka tarar da gidajensu a wawashe, Allah ya san shi.

4. In ɗan'uwa ne a cikin ikkilisiya, ka je ka same shi ku biyu ka nuna masa laifinsa, bisa ga Matiyu 18:15-17. Wani bai tuba ba ne domin ba wanda ya taɓa gaya masa gaskiya. In zuwan yana da hatsari, kada ka je kai kaɗai.

5. In ka sami zarafin yi masa alheri, ka yi. Romawa 12:20 ta ce a ba maƙiyi abinci in yana jin yunwa, a ba shi ruwa in yana jin ƙishi.

6. In fushin ya dawo gobe, kada ka ce gafarar jiya ƙarya ce. Ka sake saukewa.

Wataƙila kuma, mai karatu, kai ne wanda ake jira. Akwai wanda yake kuka da sunanka a gaban Allah. In an gafarta maka a ɓoye, hakan bai raba ka da alhakin ba. Tashi ka je tun da sauran rana.

ADDU'A

Ya Uba na Sama, na gode maka domin ka ƙaunace ni tun ina maƙiyinka. Ka san abin da aka yi mini, ka san wanda ya yi. Ba ni da ƙarfin gafartawa, sai ka ba ni ta wurin Ruhunka Mai Tsarki. Yau na sauke ramuwa, na bar shari'a a hannunka. Ka ba wanda ya cuce ni zuciyar tuba, ka cece shi kamar yadda ka cece ni. Ka tuna da mutanen Kartum da Bahri da Umdurman, da dukan ƙasar Sudan. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu, ka ba masu mulki tsoronka domin su yi adalci, ka kawo salama a ƙasar. A cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.